Kafanchan Ta San Jirgin Ƙasa, Saura Na Sama

A makon jiya aiki ya kai ni Kafanchan, na yi kwana uku, abin da aka aike ni nema kuwa na samo shi, har an buga a wani shafi. Abin da na riƙe muku yau tsintuwa ce na yi a bakin hanya, kuma tun da na dawo take yi mini kai-kawo a zuciya, shi ya sa na ga ya fi kyau in baje ta a gabanku mu duba tare.

Ana gobe zan baro garin, da la'asar sakaliya, sai na taka zuwa tashar jirgin ƙasa don in ba ido abinci. Na tarar da tashar shiru, ciyawa ta haye dogo, awaki suna kiwo a inda 'yan dako ke rige-rigen kaya a da. A gindin wani mangwaro akwai wani dattijo a zaune, wanda ya ce mini ya haura shekara 80, kuma ƙuruciyarsa duk a aikin reluwe ya ƙarar da ita, ya fara daga mai zuba kwal har ya zama direba. Nesa kaɗan da mu yara ne ke wasa, ɗaya daga cikinsu yana riƙe da jirgin sama na karan dawa da gwangwanin madara, har da farfela ta kwali. Muna cikin gaisawa sai wani jirgi ya ratso can ƙololuwar sama, ba a ko jin ƙararsa, sai dai farin layin da ya bari a baya. Nan take yaran suka watsar da wasa, suka ɗaga hannuwa suna ihu, har ya ɓace ta bayan duwatsun Kagoro.

Na kira mai jirgin kara na ce, "Samari, me ke riƙe wancan a sama har ba ya faɗowa?" Ya yi jim, sa'an nan ya ce, "Ikon Allah ne, Kawu." Na ce gaskiyarka, to amma ta wace hanya? Sai abokinsa ya karɓe, ya ce ai asiri ne na Turawa.

Na juya ga dattijon na roƙe shi ya gaya mini yadda tsohon kan jirgi mai kwal yake tafiya. Jama'a, sai da na yi da-na-sanin rashin zuwa da rikoda. Ya ɗauko ni tun daga hura wuta, zuwa tafasar ruwa a tukunya, da yadda tururi ke tura sanda, sanda ta juya ƙafafu, da yadda ake zuba yashi a kan dogo in za a hau tudun Jos da damina don kada ƙafa ta riƙa zamewa. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma ko malamin jami'a ba zai fi shi bayani ba. Da ya gama na ce, "To Baba, na sama fa?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wannan kuma ba layinmu ba ne."

Wannan amsa ita ce maƙasudin maganata ta yau.

Bahaushe kalma ɗaya ya ba su duka. Asalin jirgi shi ne na ruwa, wanda ake fito da shi a kogi. Da Turawa suka kawo mai tafiya a kan dogo sai aka ce jirgin ƙasa, da mai fukafukai ya zo aka ce jirgin sama. Watau a wurin kakanninmu ukun nan dangin juna ne, kowannensu abin ɗaukar mutum ne ya ƙetarar da shi inda ƙafa ba za ta iya ba. Abin mamaki kuma shi ne na sama ya riga na ƙasa isowa in ana maganar Kafanchan.

Ranar 27 ga Oktoba, 1925, jirage uku na mayaƙan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Jirage ne na katako da aka lulluɓe da ƙyalle, kowanne da fukafukai hawa biyu da mazaunin mutum biyu. Suka bi ta Sudan da ƙasar Chadi suna yada zango, ranar 1 ga Nuwamba suka sauka a Kano, zamanin Sarki Usman. Wannan ne ake ƙirgawa farkon zuwan jirgin sama Nijeriya, kuma a 2025 ya cika shekara 100. Layin dogo na gabas kuwa, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi, sai a 1927 aka gama haɗa shi da Kaduna ta Kafanchan, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos saboda kuza. Kafin a gama gadar Makurɗi a 1932, jirgin ruwa ne ke ƙetarar da taragai a kogin Binuwai, ka ga jirgi ya ɗauki jirgi ke nan.

Saboda haka tazarar da ke tsakanin zuwan su biyun shekara biyu ce kacal. Amma dubi yadda kowannensu ya zauna da mu. Jirgin ƙasa ya sauko ya shiga cikin jama'a. Ya mai da ƙasar Fantsuwam mahaɗar hanyoyi, ya tara Hausawa da Ibo da Yarbawa da Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro a layi ɗaya na gidajen ma'aikata, har fadar Sarkin Jama'a ta dawo garin. Ya ɗauki 'ya'yan talakawa aiki, ya koya musu ɗaurin noti da karatun sigina da kiyaye lokaci. Mace ta sayar masa da doya da citta ta taga, yaro ya san ƙarar jirgin Jos daban da ta jirgin Fatakwal. Shi kuwa na sama, yana nan inda aka fara ganinsa, a sama. Har yau mutumin Kafanchan in zai hau shi sai ya nufi Haifan ta wajen Jos, ko Kaduna, ko Abuja. Abin da mutum ya taɓa da hannunsa ilmi yake zama, abin da yake hange daga nesa kuwa labari yake zama. To, wane irin labari muka ba wa kanmu?

Mu fara da littattafai. Kafin zuwan boko malamanmu sun san Alfu Laila, wanda aka fassara da sunan Dare Dubu da Ɗaya, a cikinsa kuwa akwai dokin itace mai tashi da mahayinsa in an murɗa wani maɓalli. A 1933 Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a Zariya, aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da sauransu. A lokacin jirgin sama ya shekara takwas da sauka a Kano, amma a cikin waɗannan littattafai in tafiya ta fi ƙarfin ƙafa da doki, aljanu ne ke shigowa cikin lamarin. Ba laifinsu nake gani ba, domin marubuci da abin da jama'arsa ta sani yake gini, kuma littattafai ne da har gobe ba a fasa jin daɗinsu ba. Sai a 1969 Umaru Dembo ya fito da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki yaro aka zaga da shi sararin samaniya, marubucin yana saƙa abin da kimiyya ta gano cikin zaren labari. A shekarar nan ce kuma, ranar 20 ga Yuli, Amurkawa suka sauka a kan wata, Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, kalmar kumbo ta sami sabuwar ma'ana a bakin Bahaushe.

Wannan ƙofa da Umaru Dembo ya buɗe, mutum nawa suka bi ta cikinta? Tun daga shekarun 1980 aka yi ta buga littattafan soyayya a Kano har ba su ƙirguwa, finafinai suka biyo baya. Mai karatu ya tuna da waɗanda ya karanta ko ya kalla. In jirgin sama ya fito a cikinsu, yawanci aikinsa ɗaya ne, watau ya nuna cewa Alhaji mai kuɗi ne, ko ya ɗauke saurayi zuwa karatu a Turai don budurwa ta zauna jira. Jirgin ado ne kawai, kamar babbar riga ko doguwar mota. Ni dai a iyakar karance-karancena ban ci karo da jarumin da yake makanikin jirgi ba, ko jarumar da ke zaune a hasumiya tana ba matuƙa umurnin sauka. A can ƙasashen da ake ƙera jiragen, yaro yana tashi ne cikin littattafan matuƙa da maƙera, da mujallu masu zanen cikin inji, da kayan wasan da zai harhaɗa da kansa. Kafin ya kai shekara 12 ya riga ya ɗauka cewa jirgi aikin mutane ne irinsa.

Baya ga littafi, akwai labarin da rayuwa ta ba mu, shi kuwa fuska biyu gare shi. Fuska ta farko ta alheri ce. Kakanninmu da ƙafa suke zuwa Makka ta Chadi da Sudan, wani ya shekara biyar a hanya, wani ya zauna can bai dawo ba, shi ya sa har yau akwai zuriyar Hausawa masu yawa a Sudan. Jirgin sama ya mai da tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i. Haka kuma 'yan'uwanmu Kirista na kudancin Kaduna suke zuwa ziyarar Urushalima su dawo cikin kwanaki. Wannan ni'ima ce babba, ba mai musu.

Fuska ta biyu kuwa ta makoki ce. Ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin alhazai samfurin Boeing 707 da ya taso daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli, 1991, wani jirgin alhazai da zai zo Sakkwato ya kama wuta bayan tashinsa daga Jidda, duk mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja, Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo yana cikin mutum 96 da suka rasu. Kudancin Kaduna kuwa tana da nata tabon da bai warke ba. Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Fadan Kagoma a ƙaramar hukumar Jama'a, ɗan wannan yanki ne da ya zama gwamnan Jihar Kaduna. Ya hau kujera a watan Mayu na 2010 sa'ad da aka ɗauki Namadi Sambo mataimakin shugaban ƙasa, aka zaɓe shi a 2011. Ranar 15 ga Disamba, 2012, jirgi mai saukar ungulu na sojan ruwa ya faɗi da shi a dajin Jihar Bayelsa, tare da Janar Andrew Azazi da mutum huɗu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya ba iyalansu haƙuri.

Duk wanda ya zauna a majalisa ko tashar mota bayan irin waɗannan haɗurra ya san abin da ake faɗa. Wasu su ce kwana ne ya ƙare, su ja bakinsu su yi shiru. Wasu su ce hannu ne aka sa, su kawo sunan wanda suke zargi, in an yi rashin sa'a maganar ta koma ta addini ko ƙabila. A yanki irin kudancin Kaduna, inda ƙaramar jita-jita ke iya tayar da gobara, wannan ba abin wasa ba ne. Amma mutum nawa a cikinmu suka taɓa tambayar me masu bincike suka gano? Mun gaskata cewa ba mai wuce ranarsa, Musulminmu da Kiristanmu. Sai dai imani da ƙaddara bai hana a tambayi sanadi ba, kuma Bahaushe da kansa ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka.

Bari in ba da misali ɗaya don a gane abin da nake nufi. Jirgin nan na Jidda na 1991, samfurin DC-8 ne na wani kamfanin Kanada mai suna Nationair, yana jigila da sunan Nigeria Airways. Bincike ya gano cewa iskar wasu tayoyinsa ba ta kai ƙa'ida ba, kuma akwai ma'aikatan da suka san haka kwanaki kafin ranar, amma aka sallami jirgin don gudun jinkiri. Da ya ɗauki gudu a kan titin tashi, tayar da ke kusa da mai ƙarancin iska ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta ta fashe, ta biyu ta bi ta, ƙarfe ya riƙa gogar ƙasa har wuta ta kama. Matuƙa ba su sani ba, suka naɗe ƙafafun zuwa cikin jirgi kamar yadda aka saba, watau suka shigar da wutar ciki da hannunsu. Jama'a, ina asiri a nan? Wane mai faci ne a tashar motar Kafanchan ba zai gane wannan bayani ba? Mutum 261 saboda iskar taya. Da jama'a sun san irin wannan, da sun san tambayar da za su yi wa masu ba da kwangilar jigilar alhazai. Wanda ya ɗauki abu a matsayin asiri ba ya iya tuhumar mai riƙe da shi.

Turawa ma fa suna da tasu tatsuniyar. Shi Coningham da ya kawo jirgin farko Kano, a ƙarshen Janairu na 1948 ya ɓace tare da jirgin fasinja mai suna Star Tiger a kan tekun Atlantika kusa da tsibirin Bamuda, ba a ga ko ɓaraguzansa ba. Daga baya marubuta suka yi ta ƙaga labarai a kan wannan yanki na teku, suna sayar da littattafai. Bambancinmu da su shi ne, a gefen mai tatsuniya akwai mai bincike, kuma kowane haɗari sai an fitar da darasi daga cikinsa an gyara ƙa'ida. Da haka tafiyar sama ta zama ta fi ta mota aminci nesa ba kusa ba.

To, me ke riƙe jirgi a sama? Bari in gwada amsa wa yaron nan, ko Allah zai sa wani malaminsa ya karanta masa. In kana cikin mota tana gudu, ka fitar da tafin hannunka ta taga a shimfiɗe, sa'an nan ka ɗan ɗaga gabansa, za ka ji iska ta cira hannun sama. Fiffiken jirgi haka yake aiki. An ƙera shi da ɗan doro a sama, an kuma ɗan karkata shi, saboda haka in ya keta iska da gudu sai ya tanƙwara ta zuwa ƙasa, matsin iskar da ke samansa ya ragu, na ƙarƙashinsa ya fi yawa, sai fiffiken ya ɗagu ya ɗauki jirgin. Aikin inji shi ne ya samar da gudun. Ƙarfi huɗu ne ke ja-in-ja: nauyi yana ja ƙasa, fiffike yana ɗagawa, inji yana turawa gaba, iska tana tirjewa. Babban jirgin fasinja sai ya kai gudun wajen kilomita 250 a sa'a ko fiye kafin ya bar ƙasa, shi ya sa ake yi masa dogon titi. Wutsiya kuwa ita ce ke daidaita shi don kada ya kifa. Farin layin nan da yara ke yi wa ihu, jirgin yana tafiya ne a tsayin ƙafa 30,000 zuwa 40,000, inda sanyi ke kai awo 50 ƙasa da sifiri, sai tururin da ke fita daga inji ya daskare nan take ya zama gajimare siriri. Baba direba, ashe har a can sama tururi bai rabu da jirgi ba. Duk wannan ikon Allah ne kamar yadda yaron ya faɗa, amma iko ne da aka shimfiɗa bisa ƙa'ida, aka kuma ba ɗan Adam hankalin gano ta.

Su wa suka gano ta? A Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, a ƙarni na 9, an yi wani masani mai suna Abbas ibn Firnas. Malam al-Maƙƙari, wanda ya rubuta tarihin Andalus a ƙarni na 17, ya kawo labarin cewa ya yi wa kansa fukafukai ya tashi ya ɗan yi tafiya a iska, amma ya ji ciwo a baya wajen sauka domin bai yi wutsiya ba. Ka ga ko a wancan zamani sanadi aka nema, ba a ce aljanu ne suka buge shi ba. Waɗanda suka cim ma nasara daga baya kuwa, watau Wilbur Wright da ƙanensa Orville, masu gyaran keke ne a garin Dayton na Amurka, ba wanda ya yi jami'a a cikinsu. A 1901 suka ƙera wani akwati mai hura iska, suka gwada siffofin fukafukai wajen 200 suna rubuta sakamako. Ranar 17 ga Disamba, 1903, jirginsu ya tashi na daƙiƙa 12, ya ci ƙafa 120. A shekarar nan ce Turawa suka ci Kano da Sakkwato, aka yi yaƙin Burmi. Masu gyaran keke, jama'a. Irinsu nawa ne a Kafanchan da Zonkwa da Kwoi da Kachiya?

Kada wani ya ce ai mu ba a ba mu wannan baiwa ba. Ƙasar da aka tono kayan tarihin Nok a cikinta, waɗanda masu su suka san narkar da tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ba za a koya mata son ƙira ba. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota, ya ɗaga shi ƙafa kaɗan daga ƙasa, har kafofin labarai na duniya suka ɗauka. Bugu da ƙari, in ana maganar jirgin sama a Nijeriya, Jihar Kaduna ce gidansa. A 1964, shekarar da dogo ya isa Maiduguri, aka kafa rundunar mayaƙan sama, aka kuma kafa makarantar koyon aikin jiragen sama a Zariya, inda ake horar da matuƙa da makanikai da masu kula da zirga-zirgar sama. A can Chinyere Kalu, mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin 'yan kasuwa, ta yi karatu, daga baya ta shugabanci makarantar. A Kaduna aka harhaɗa ƙananan jiragen koyo 60 masu suna Air Beetle, a nan kuma aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai suna Tsaigumi a watan Fabrairu na 2018. Kudancin jihar ma ta ba da nata: Ishaya Shekari, ɗan ƙasar Zangon Kataf, hafsan mayaƙan sama ne, ya yi gwamnan soja a Kano daga 1978 har ya miƙa wa Abubakar Rimi a 1979. Ashe ruwa na nan kusa, guga ce ba a miƙa wa yaro ba.

Maganar kuma ta wuce sha'awa, domin sama tana ƙara matsowa kusa da mu. A 2022 kamfanin Zipline ya fara aika magunguna da allurar rigakafi zuwa asibitocin karkara da ƙananan jirage marasa matuƙi daga Pambeguwa. Ranar 3 ga Disamba, 2023 kuwa, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam bisa kuskure a kan masu taron Mauludi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, mutum 85 ko fiye suka rasu. Fasaha iri ɗaya, nan ta kai magani, can ta kai mutuwa. Al'ummar da irin wannan abu ke yawo a kanta, tilas ne ta san yadda yake gani, da yadda yake kuskure, da wanda ke riƙe da linzaminsa.

Saboda haka ina da roƙo huɗu. Na farko ga marubutanmu: a samu wanda zai rubuta wa yara ɗan littafi, ko mai shafi 40 ne, da Hausa mai sauƙi da zane, a kan yadda jirgi ke tashi, a kuma juya shi zuwa Jju da Tyap da Hyam da sauran harsunan yankin. Masu ƙagaggun labarai kuma su ba mu jarumi mai baƙin mai a hannu. Na biyu ga hukumar binciken haɗurra ta ƙasa da gidajen rediyo: rahotannin da ake fitarwa da Turanci, a riƙa taƙaita su da Hausa ana karanta wa jama'a, domin gaskiya ce kaɗai ke kashe jita-jita. Mu 'yan jarida ma da namu laifin, mukan cika shafi da hoton ɓaraguzai ranar haɗari, ranar da rahoto ya fito kuwa ba ma ba shi ko layi biyar. Na uku ga shugabannin ƙananan hukumomi da shugabannin makarantu na kudancin Kaduna: Zariya ba Makka ba ce, mota ɗaya ta isa ta kai ɗalibai su taɓa fiffike da hannunsu su dawo, kuma ɗaukar nauyin yaro ɗaya ko biyu a shekara ya koyi gyaran jirgi bai fi ƙarfin hukuma ba. Sabuwar jami'ar tarayya da aka kafa a Kachiya a 2025 don kimiyyar aikace-aikace, ita ma ta sa wannan a ranta. Na huɗu, tsofaffin ma'aikatan reluwe irin Baba direba suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A je a naɗi maganarsu tun suna raye, a kai su makarantu su yi wa yara bayanin inji, domin yaron da ya gane tururi a bakin kakansa ba zai ji tsoron farfela ba.

Kafin in bar tashar na karɓi jirgin karan nan na duba. Fukafukansa a miƙe suke sak, ba karkata, ba wutsiya. Na nuna wa mai shi yadda zai ɗan ɗaga gaban fiffiken, na ce ya nemo kwali ya yi masa wutsiya, na kuma gaya masa cewa wani babban malami ya taɓa yin irin mantuwarsa shekaru fiye da dubu da suka wuce. Ya karɓa ya ruga gida neman kwali, ko sallama bai tsaya yi ba. Baba direba ya bi shi da kallo, ya ce in an dace, wannan layin nasa ne.

Allah ya sa haka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.